Haya ta yi tsada, magani ya yi tsada: shin can ya kamata in zuba kuɗin sallamata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi ritaya bara, ina zaune a Unguwan Rimi a Kaduna. Bayan na sallami wasu buƙatu, naira miliyan 6 suka rage mini. Ina ganin yadda haya ke tashi a garin nan, da yadda magani ya gagari talaka, sai na ce lallai masu harkar gidaje da magunguna suna kwasar riba, bari in sayi hannun jarinsu. Ɗana kuma ya ce in bar na gida, a saya mini na Amurka ta waya. Gaskiya ina jin tsoro, domin a 2007 na sayi hannun jarin wani banki, har yau takardun suna cikin akwati. Kuma ba na son abin da ya shafi kuɗin ruwa. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa an huta lafiya, ya saka miki da alheri kan dararen da kika kwana a tsaye a kan marasa lafiya.

Tsoronki yana da dalili, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya ja da baya. A 2007 ina aiki a wani ofishin dillalan hannun jari a tsakiyar garin nan, kuma ban manta da layin da ake yi tun daga ƙofa har bakin titi ba. 'Yan kasuwar Gumi, malaman makaranta, sojojin da suka yi ritaya, kowa da fom a hannu. Na tuna wani dattijo mai sayar da yadi da ya zo da kuɗi a cikin leda, ya ce a saya masa "irin wanda maƙwabcina ya saya", ko sunan kamfanin bai riƙe ba. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar, wato lambar da ke nuna hawa da saukar farashin hannayen jari gaba ɗaya, ya haura maki 66,000. Shekara guda bayan haka yana wajen 20,000. A 2009 Babban Banki, ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin wasu bankuna, a 2011 kuma gwamnati ta karɓe uku. Ma'aunin bai sake taka inda yake a 2008 ba sai a watan Agustan 2023. Shekara 15 ke nan. Duk wanda zai ba ki shawara bai fara da wannan ba, bai yi miki adalci ba.

Amma ga ɗaya gefen. Kasuwar hannun jari ta Najeriya, wadda yanzu ake kira NGX, ta tashi da kusan kashi 46 cikin 100 a 2023, ta ƙara kusan kashi 38 a 2024, inda ta rufe shekara sama da maki 102,000. Wannan shi ne abin da ke jawo hankalin mutane yanzu. Sai dai ki ɗora shi a sikeli ɗaya da tsadar rayuwa. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Ke nan wanda jarinsa ya bi matsakaicin kasuwa a waccan shekarar, kuɗinsa sun ƙaru a takarda, amma buhunan shinkafar da za su saya kusan ba su canza ba. A 2023 kuma dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa wajen 900 a farashin hukuma, don haka in aka auna da dala, asara ma aka yi. Kasuwar ta kare mutane daga zaizayar naira, wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ba ta mayar da kowa attajiri ba kamar yadda ake yayatawa.

Yanzu ga lissafinki, cewa abin da ya yi tsada masu shi suna cin riba. Nan ne nake so mu daɗe. Tsadar kaya a kanti ba ta nufin riba ta shiga aljihun mai hannun jari. Tambayar da za ki riƙa yi ita ce: ƙarin kuɗin da na biya, a hannun wa ya ƙare?

Ɗauki gidaje. A kasuwarmu, babbar ƙofar shiga harkar gini ita ce siminti, kuma kamfanoni uku ne suka riƙe ta: Dangote mai masana'anta a Obajana da Gboko da Ibese, BUA mai ta Kalambaina a Sakkwato da ta Obu a Edo, sai Lafarge mai Ashaka a Gombe. Tun da su uku ne kawai, suna da ƙarfin ɗaga farashi in kuɗin aiki ya ƙaru, kuma kowa ya ga yadda buhu ya kai naira 10,000 a farkon 2024. Duk da haka, a 2023 cinikin simintin BUA ya ƙaru amma ribarsa ta ragu, saboda faɗuwar naira ta kumbura bashin da ke kansa na dala. Irin wannan ne ya jefa MTN da Nestle cikin asara a shekarar, alhali kowa na sayen kati, kowa na sayen Maggi. To kin ga inda ƙarin ya tafi: makamashi, kayan gyaran inji daga waje, da bashin dala.

Hayar da kike gani tana tashi a Malali da Barnawa kuwa, tana shiga aljihun mai gida ne, ba ta bi ta kasuwar hannun jari. Shi ma in ya zauna ya yi lissafi na gaskiya, jikinsa zai yi sanyi. A ce, a matsayin misali, mutum ya kashe miliyan 30 ya gina gida a Millennium City, yana karɓar miliyan ɗaya da rabi a shekara. Kashi 5 ke nan, kafin a cire fenti, gyaran soka-awe, da watannin da gidan zai zauna ba kowa. Ribar gida a Kaduna tana cikin tashin darajar fili ne, ba a haya ba, ita kuma ba a ganin ta sai ranar sayarwa, kuma sai in takardu sun inganta a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna. Akwai asusun da ake kira REIT, irin na UPDC, inda ake tara kuɗin jama'a a mallaki manyan gine-gine a riƙa raba haya. Tsari ne mai kyau, amma kaɗan ne a kasuwarmu, yawancin gine-ginensu suna Legas da Abuja, kuma ba kullum ake samun mai saye ba in kina son fita da gaggawa.

Ko a waje haka abin yake. Kamfanin Evergrande na ƙasar Sin ya cika birane da dogayen benaye, ya tara bashin sama da dala biliyan 300, ya kasa biya a 2021, a watan Janairun 2024 kotu a Hong Kong ta ba da umarnin a karya shi a sayar. A Amurka kuma, kuɗin ruwan bashin sayen gida ya tashi daga ƙasa da kashi 3 a 2021 zuwa kusan kashi 8 a ƙarshen 2023, cinikin gidaje ya yi sanyi duk da mutane suna buƙatar muhalli. Buƙata daban, ikon biya daban.

Ɓangaren magani ke kin fi ni sanin cikinsa. Kin ga yadda Augmentin da abin shaƙa na masu asma suka yi tashin gwauron zabi bayan kamfanin magani na GSK ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina harka kai tsaye a Najeriya, Sanofi ma ya bi bayansa. Wannan ya buɗa wa na gida fili, irin su Fidson, May & Baker, Neimeth da MeCure. A watan Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan umarnin ɗauke haraji daga sinadarai da injinan haɗa magani, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta wajabta inshora, wanda in ya kankama, ta hanyar hukumomi irin KADCHMA ta nan Kaduna, zai ƙara masu iya sayen magani. A ganina wannan ɓangare yana da gaba. Sai dai kusan duk sinadaran da ake haɗa ƙwayoyin daga Indiya da Sin ake shigo da su, da dala. Ga kuɗin dizal, ga bashin banki mai tsada, ga jabu da ke karya farashi a kasuwa. Sannan kin san abin da ke faruwa a gaban kanta a kemis: an rubuta wa mutum na kwana bakwai, ya ce a ba shi na kwana uku. Wannan rabin katin da ya bari, cinikin kamfani ne ya ragu. Kamfanonin kuma ƙanana ne, farashin hannun jarinsu na iya ninkawa cikin 'yan watanni, ya kuma zube haka nan. Asibitocin kuɗin da kike gani cike da jama'a a garin nan kuwa na masu su ne, ba a sayar da hannun jarinsu a kasuwa.

Maganar ɗanki tana da gaskiya a ciki. Wanda ya ajiye wani abu a dala kafin Yunin 2023 ya tsira da yawa. Ma'aunin S&P 500 na manyan kamfanonin Amurka ya ƙaru da sama da kashi 20 a 2023, ya sake yin haka a 2024. Amma ya faɗa miki cewa a 2022 ya faɗi da kusan kashi 19? Ko cewa a watan Afrilun 2025, da Trump ya sanar da sabon harajin shigo da kaya, ya zube da kusan kashi 10 cikin kwana biyu? Kuma babban rabon tashin nan 'yan tsirarun kamfanonin fasaha ne suka ja shi, musamman Nvidia mai ƙera ƙwaƙwalwar na'urorin ƙirƙirarriyar basira, wanda darajarsa ta haura dala tiriliyan 1 a 2023, ta kai tiriliyan 4 a 2025. Abin da ya yi irin wannan gudu, duk kyansa, mai shiga yanzu a farashi mai tsada yake shiga. Ko a fannin lafiya, Novo Nordisk mai allurar rage ƙiba ya zama kamfani mafi daraja a Turai a 2023, daga baya hannun jarinsa ya rasa fiye da rabin darajarsa. Sannan Amurka na cire kashi 30 daga rabon ribar ɗan Najeriya, a gida kuwa kashi 10 ne. Dalar ma ba kullum take hawa ba, a Afrilun 2024 ta sauko zuwa wajen naira 1,100, waɗanda suka saya a sama suka ji a jikinsu.

Game da inda aka dosa, abin da nake sa wa ido shi ne kuɗin ruwan Babban Banki. Ya kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024, aka fara sassauta shi a Satumbar 2025. In ya ci gaba da sauka, naira kuma ta zauna wuri ɗaya, kamfanonin siminti da na magani za su samu sauƙin bashi da na sinadarai, masu manyan kuɗi kuma za su riƙa barin takardun bashin gwamnati suna dawowa hannun jari. Abin da zai iya ɓata lissafin shi ne faɗuwar farashin ɗanyen mai, da ɓarin kuɗin da aka saba gani gab da zaɓe, ga 2027 na tafe.

Da ke yayata ce, ga yadda zan yi da miliyan 6 ɗin nan. Zan fara ware abin da zai riƙe gida da magani na shekara guda, in ajiye shi a bankin da ba ya harka da ruwa, inda hannu zai kai ko da tsakar dare. Mafi yawan sauran zan sa a sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, wanda Ofishin Kula da Basussuka ya fara fitarwa a 2017. Haya yake biya sau biyu a shekara, ba ruwa ba, kuɗinsa kuma tituna ake yi da su, har da hanyar da ta kewaye Kaduna ta gabas. Na 2025 ya zo da kashi 19.75 a shekara, ana shiga da naira 10,000. Hannun jari kuwa ba zan wuce masa kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma kuɗin da za ki iya mantawa da su shekara biyar. Maimakon ki zaɓi kamfani ɗaya, ki shiga asusun da ke bin ma'aunin Musulunci na NGX Lotus, wanda aka tace shi daga bankunan ruwa, giya, taba da caca. Kada a zuba a rana ɗaya, a raba shi cikin watanni. In ɗanki ya nace kan na Amurka, a ba shi ɗan abin da ba zai hana ki barci ba, da sunanki, ta manhajar da ke da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Najeriya. Ki sa shi ya nuna miki sunan a shafin hukumar da idonki. Duk wanda ya ce zai ninka miki kuɗi cikin wata guda, ki tuna damfarar MMM a 2016 da ta CBEX a 2025. Batun zakkar jarin kuma ki kai wa malaminki tun yanzu.

Takardun nan na cikin akwati kada ki jefar. Wasu bankunan 2007 sun rushe, amma wasu haɗe su aka yi da waɗansu, kamar Intercontinental da ya koma cikin Access, da Oceanic da ya koma Ecobank, wasu kuma suna nan da ransu suna raba riba duk shekara. Akwai biliyoyin naira na rabon riba da masu su ba su karɓa ba. Ki ɗauki takardun, da lambar BVN, da katin shaida, da hoto, ki je wurin dillali mai lasisi ya buɗe miki asusun CSCS, inda ake ajiye hannun jari a kwamfuta maimakon takarda, ya cike miki fom ɗin da zai sa ribar ta riƙa faɗawa asusunki na banki kai tsaye. In sunan da ke kan takardar ya bambanta da na BVN, kamar yadda yake yawan faruwa ga matan da suka canza suna bayan aure, ki haɗa da takardar rantsuwa daga kotu, don kada a mayar da ke gida.