Amsa: An ɗaga ƙimar gidana a Chicago, ya zan yi?

Ɗan'uwa, ka ce ofishin ƙiyasta gidaje na gundumar Cook ya ɗaga ƙimar gidanka, kana tambaya ko za a rage. Ana ragewa, kuma ƙorafin kyauta ne, ba sai da lauya ba.

Fara da bayanan gidan: girman ginin, shekarunsa, da irin gininsa. Wani lokaci kuskuren a nan yake, sai ka ga an rubuta gareji alhali babu. Ka ɗauki hotuna. A can kashi 10 cikin 100 na darajar gidan zama a kasuwa ake ɗauka a matsayin ƙima, saboda haka ka ninka ƙimar da aka rubuta maka sau 10, ka tambayi kanka ko gidan zai sayu a haka.

Hujja mafi ƙarfi ita ce gidajen unguwarku masu kama da naka a girma da shekaru, waɗanda aka ƙiyasta ƙasa da naka. Ka samo kamar 5, da lambobinsu na PIN, wato lambar shaida da gunduma ke ba kowane gida. Kada ka rubuta cewa haraji ya yi yawa, ƙima kawai suke dubawa.

Wa'adin yana kan takardar ƙimar da aka aiko maka, kada ya wuce ka. In sun ƙi, akwai hukumar Board of Review, wadda ke sake duba ƙorafin ƙima. Amma ka ci gaba da biyan harajinka a kan kari, ƙorafi ba ya hana tara.