Amsa ga 'yar'uwar da za a yi wa aikin jijiyoyin ƙafa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga kin ce likita ya ba ki zaɓi kan kumburarrun jijiyoyin jini na ƙafarki, tsakanin ƙona jijiyar da leza da kuma allurar kumfa (maganin da ake ɗura wa jijiyar don ta toshe), kina tambaya ko akwai illa. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don duka biyun an yi min a ƙafar hagu.

Aikin lezar kansa ba shi da wuya. Ana zura siririyar waya cikin babbar jijiyar nan da ta taso daga idon sawu har matsematsi, a yi ta tsikara allurar kashe zafi a gefenta, sannan a ƙona ta daga ciki. Da ƙafata na fito. Cinyar ta yi ɗaurin jini, kuma in na miƙe ƙafar sai in ji jijiyar ta yi tauri tana ja kamar an ɗaura igiya. Wannan duk yana wucewa, kar ya tsorata ki.

Abin da ya kusa kai ni lahira daskarewar jini ce a jijiyar can ciki. A lokacin ina shan ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin estrojin, wadda ke ƙara haɗarin gudan jini, amma babu wanda ya tambaye ni. Ko mutum ɗaya! Takardar sa hannu kawai aka miƙo min a bakin ƙofa. Ba a jima ba sharaɓata ta kumbura, ta ɗau zafi, ko taka ƙasa ba na iyawa. Na kira likitan bai ɗauka ba. Na je asibitin ina ɗingishi, ma'aikaciyar da na tarar ko ɗaga zanina ba ta yi ba, tana danna waya ta ce, "Hajiya ai dama sai kin ji ciwo, ki sha parasitamol." Har yau in na tuna fuskarta raina ɓaci yake. Na biya kuɗi masu yawa, kuma ba roƙo na je ba. A daren nan ina zaune bakin gado ina kuka, maigida ya ce ba za mu kwana ba, ya kai ni wani asibitin. Sikanin ɗin ƙafa ya nuna gudan jini, aka ɗora ni kan maganin tsinka jini na wata 3. Likitar can ta ce da ya ɓalle ya tafi huhu, da labarin ya canza.

Gaskiya ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma ki riƙe: in sharaɓa ta kumbura, ko numfashi ya yi miki wuya, ko ƙirji ya yi ciwo, ki tafi asibiti a take, ko tsakar dare ne. Ki faɗa musu duk maganin da kike sha ko ba su tambaya ba. In kina da ciki a dakata sai kin haihu.

Allurar kumfar kuwa baƙin tabo ta bar min a ƙauri, layi-layi, ya fi shekara kafin ya dusashe, kuma mu masu duhun fata ya fi kama mu. Wasu suna ganin dishi-dishi ko ciwon kai na ɗan lokaci bayan allurar. Gefen idon sawuna ma har yanzu a sage yake, saboda zafin leza ya taɓa jijiyar ji da ke kusa.

Don Allah kar ki bari a yi miki ƙaho a kan jijiyoyin. Surukata ta so kawo wanzami, alhali jijiyar nan in ta fashe jini tsartuwa yake. Safar matse ƙafa da ake sawa bayan aikin kuma ki daure ki sa, duk da zafin garin nan, ki riƙa tattaki kullum, ki ɗage doguwar tafiya ta mota ko jirgi zuwa wasu makonni.

Nauyin ƙafa da ƙaiƙayin dare sun tafi, alhamdulillah, ko da yake wasu ƙananan jijiyoyi sun fara fitowa a bayan gwiwa. Kafin ki biya ko sisi, ki tambayi likitan ko zai sake miki sikanin bayan aikin, ki kuma karɓi lambar da za a ɗauka da daddare. Allah Ya ba ki lafiya.