Takardar CAC ba ta tsaron barewarmu

Ka dawo daga kasuwar Singa kana huci, da sabulun jabu a hannu, kana cewa, "Maigida, ba mun yi rajista da CAC ba? Yaya wani zai sa barewarmu a ledarsa?" Zauna tukuna, ɗana, ka ɗora shi nan kusa da namu.

Duba da kyau. Koriyar leda irin tamu, barewar ta juya hagu maimakon dama, harafi ɗaya aka sauya a sunan. Matar da ta aiki yaro ya sayo mata "mai barewa" ba ruwanta da harafi. In sodar ta yi yawa ta ci mata hannu, mu za ta zaga.

Takardar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, sunan kasuwanci kawai ta yi wa rajista, da ita muka buɗe asusu a banki. Tambari, wato alamar kaya irin barewarmu, ofishinsa daban ne, yana Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya, dokarsa kuwa tun ta 1965 ce. Ni ma na daɗe ina zaton duk ɗaya ne, sai da na je neman lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, aka ce in kawo takardar tambari, na tsaya ina zare ido.

Da na nema, sai da aka fara bincike ko wani ya riga ni. Bayan an karɓa aka buga shi a mujallar ofishin, aka jira wata biyu ko akwai mai ja, sannan satifiket ya fito. Kaya kuma aji-aji ne, har 45. Sabulu da turare da man shafawa suna aji na 3. In gobe ka buɗe naka wurin ka ce yaji za ka ƙulla, wannan aji na 30 ne, rajistarsa daban. Ta farko shekara 7 take yi, daga nan sabuntawa duk shekara 14. Wanda ya ajiye tambari shekara biyar bai taɓa shi ba, ana iya neman a soke masa. Kuma ba a ba mutum suna irin "Sabulu Mai Kumfa", don kowane sabulu kumfa yake yi, shi ya sa na zaɓi dabba.

Mai jabun nan kada ka je ka ci kwalarsa. Lauya zai rubuta masa ya daina, ya janye kayan. Sau da yawa shugabannin kasuwa kan kashe maganar kafin ta yi nisa, in ya ƙi sai Babbar Kotun Tarayya. Amma abin da ya fi damuna wannan koren ne, ya yi kama da namu da yawa, har ina zargin mai buga mana leda. Wani mai buga leda ya taɓa yi mini haka, ya buga mini nawa, ya ƙara wasu da dare ya sayar ta bayan gida. Tun daga ranar nake karɓe farantin bugawa in kulle, kuma sai mun rubuta yawan da aka buga mun sa hannu.

Kwalayen da ake ɗauka zuwa Maraɗi kuwa, satifiket ɗinmu a kan iyaka yake tsayawa. Nijar da Chadi da Kamaru suna cikin OAPI, ƙungiyar rajistar tambari ta wasu ƙasashen Afirka mai ofishi a Yawunde, rajista ɗaya ta shekara 10 ta ishi ƙasashe 17. Wannan ban yi ba tukuna, laifina ne.

Gobe da safe ka koma rumfar, ka sayi guda uku kamar kowane mai saye. Ka karɓi rasit mai kwanan wata, ka ɗauki hoton shagon daga nesa, kada ka buɗe ledar ko ɗaya.