Kafin ka ƙirga kofunan ɗan tanis, auna nauyinsu

Malam Sani, ka tambaya: tunda Jimmy Connors yana da kofi 109, Roger Federer kuma 103, shin Connors ne ya fi? Amsar tana wurin awo. A kasuwar Maradi ma mai sayen gyaɗa ba ya tsayawa ga ƙirgen buhu sai ya ɗora kan sikeli.

Gasar maza hawa-hawa ce. Manyan guda huɗu, wato ta Ostareliya, Roland-Garros ta Faransa, Wimbledon ta Ingila da ta Amurka, kowacce tana ba zakara maki 2000, kuma sai ya ci wasa bakwai a jere cikin mako biyu. Ƙasa da su akwai masu maki 1000, 500 da 250. To cikin kofunan Connors, 8 ne manya. Na Federer 20, Rafael Nadal 22, Novak Djokovic 24. Daga nan ake farawa.

Sai ka duba fili. Jar ƙasa tana rage gudun ƙwallo, tana sa ta tashi sama. Ciyawa kuwa tana sa ta zame ƙasa-ƙasa. Nan ne mutane suka fi ruɗewa da alƙaluman karon-batta. Nadal ya doke Federer sau 24, Federer ya rama sau 16, sai a ce ai magana ta ƙare. Amma 14 daga nasarorin Nadal a jar ƙasa ya same su, inda Federer ya ci 2 kacal. Cire waɗannan, Federer ne gaba da 14 da 10. Wannan bai rage Nadal da komai ba, mutumin da ya ɗauki Roland-Garros, wadda ake bugawa a jar ƙasa, sau 14, abin da har yau nake ganin babu kamarsa a wasan.

Lamba ɗaya ta duniya ma a yi hattara da ita, don makin makonni 52 na baya kawai ake haɗawa. Marcelo Ríos ya hau ta a 1998 ba tare da ya taɓa cin babbar gasa ba. Daɗewa a kai ita ce shaida: Djokovic makonni 428, Federer 310.

Kuɗin kyauta kam ka bar su, kullum ƙaruwa suke yi, na da ba za su taɓa kamo na yanzu ba. Kuma ka tuna da zamani: Björn Borg ya tara manyan kofuna 11 alhali sau ɗaya tak ya buga ta Ostareliya, ya kuma bar wasa yana ɗan shekara 26.