Harafi ɗaya, lamba biyu

Tambaya: Malam, ina koyon Girkanci a kwamfuta, na nemi kalma mai harafin ά a cikin fayil, ga ta ina kallo ƙuru-ƙuru amma wai babu. Meye matsalar?

Amsa: Ai kwamfuta ba ido gare ta ba, lamba take karantawa. A tsarin Unicode, wato tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ana iya rubuta ά ta hanya fiye da ɗaya, misali ko dai a dunƙule da lamba U+03AC, ko kuma a sa alfa zalla U+03B1 sannan a ɗora mata ɗan karan nan na sama U+0301, to a allo kamar an tsaga kara amma a UTF-8, wato hanyar ajiye lambobin nan a fayil, na farko bayit (ma'aunin girman bayanai a kwamfuta) 2 ne, na biyu 4. Wasu manhajojin ba sa gane abu ɗaya ne, to idan irin wanda ka rubuta a wajen nema ba shi ne ke cikin fayil ɗin ba, sai su ce babu. Kwafo harafin daga cikin fayil ɗin ka liƙa a wajen nema, zai fito.