Mai ciwon daji a kan na'urar numfashi: amsoshin tambayoyinku

Tambayoyi huɗu na zaɓa a wannan karon, kuma duka sun shafi masu ciwon daji da jikinsu ya tsananta har aka ɗora su a kan na'urar taimaka wa numfashi. Ban duba ko ɗaya daga cikin majinyatan ba, saboda haka maganar likitan da ke tsaye a kansu ita ce gaba da tawa.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu ɗan shekara 67 yana da kansar huhu da ta bazu zuwa hanta. Yau kwanansa 24 a kan na'ura, an kuma fara yi masa wankin ƙoda. Duk lokacin da muka tambaya sai a ce ana iya ƙoƙari. Don Allah a gaya mana gaskiya, akwai sa ran zai tashi? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya, ya ba ku ladan jinya. Rai a hannun Allah yake, amma tun da gaskiya ka nema, ba zan ɓoye maka ba cewa halin da ka bayyana mai nauyi ne ƙwarai.

Tun a shekarar 2005 rahoton wani taron ƙwararru a Amurka ya tsayar da cewa wanda ya kai kwana 21 a jere yana buƙatar na'ura aƙalla awa 6 a kowace rana ya shiga rukunin masu daɗewa a kanta. A ƙasar Taiwan an bi diddigin masu ciwon daji 5,138 da suka shiga wannan rukuni tsakanin 1998 da 2007, aka tarar rabinsu ba su kai wata ɗaya da rabi ba, kuma kimanin 14 cikin 100 ne kawai suka kai shekara guda a raye. Masu kansar kai da wuya sun fi daɗewa, wanda ba abin mamaki ba ne, domin sau da yawa matsalarsu toshewar hanyar iska ce alhali huhunsu lafiya lau. Masu kansar huhu ko ta hanta, da waɗanda cutar ta bazu, su ne suka fi shan wuya. Alƙaluman sun kwana biyu, magunguna kuma sun inganta, sai dai abin da muke gani a bakin gado bai yi nisa da su ba.

Yawan kwanaki kaɗai ba shi ne hukunci ba. Idan na tsaya a gaban majinyaci irin Baba, abu na farko da nake tambayar iyali shi ne yadda yake wata guda kafin a kwantar da shi: yana iya fita masallaci da ƙafarsa, ko kuwa sai an tallabe shi zuwa banɗaki? Wanda ya shigo da ƙarfinsa yana da abin da zai yi yaƙi da shi, wanda kuwa ya daɗe a kwance, na'urar kan ƙara cinye ɗan naman da ya rage masa, har tsokar da ke jan numfashi ta yi laushi. Daga nan sai a duba gaɓoɓi nawa suka gaza. Shekaru sama da 50, da buƙatar wankin ƙoda, da dogaro da allurar da ke riƙe ƙarfin bugun jini, da raguwar ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, kowanne yana rage sa rai, kuma idan suka taru wa mutum guda, ba kasafai yake sauka daga na'ura ba.

Shawarata, ku nemi zama da babban likitan sashen da yake kwance tare da likitan ciwon daji, ku yi musu tambaya ɓaro-ɓaro: me ya kai shi ga na'ura, abin yana gyaruwa, kuma akwai sauran maganin da zai iya danne kansar idan ya farfaɗo? Kuna da haƙƙin jin amsa, kuma "ana ƙoƙari" ba amsa ba ce ga iyalin da suka shafe makonni uku a barandar asibiti.

Tambaya: Likita, matata 'yar shekara 34 tana karɓar maganin kansar jini, sai ciwon huhu ya kama ta. Kwananta 4 a kan na'ura. Dangi suna cewa mai ciwon daji ba ya dawowa daga na'ura, wai mu ɗauke ta zuwa gida. Daga wani magidanci a Zariya.

Amsa: Malam, kada ku ɗauke ta. Maganar dangi tsohon zance ne, ko da yake a shekarun 1980 da 1990 likitoci da yawa ma haka suka ɗauka. Maganin kansar jini yana kassara ƙwayoyin garkuwar jiki na ɗan lokaci, ƙwayar cuta ta samu kafa ta shiga huhu, amma idan na'ura ta riƙe mutum har garkuwar ta dawo kuma maganin ƙwayar cutar ya yi aiki, ana tashi. Likitocin asibitin Saint-Louis da ke Paris sun wallafa bincike a 2007 inda suka ba irin waɗannan majinyata cikakkiyar kulawa ta wasu kwanaki kafin yanke shawara, kuma kimanin 40 cikin 100 na waɗanda suka kai kwana na biyar sun bar asibiti da ransu. Darasin da aka ɗauka shi ne yadda jiki ya karɓi magani a kwanakin farko ya fi yadda mutum ya shigo nuna inda aka dosa. Ka roƙi likitocinta su tsayar da rana a cikin wannan mako da za a zauna a duba ko buƙatarta ta iskar oksijin tana raguwa, da yadda ƙoda da bugun jini suke.

Tambaya: An ce za a huda maƙogwaron yayata a saka bututu. Wannan yana nufin an fid da rai ke nan? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Bututun da ke bi ta baki yana jin wa maƙogwaro ciwo idan ya daɗe, shi ya sa bayan mako ɗaya zuwa biyu ake mayar da shi wuya, inda ya fi sauƙin tsaftacewa, a rage maganin barci, kuma a fi samun damar gwada ta ta yi numfashi da kanta. Wani babban gwaji a Birtaniya a 2013 ya nuna yin hudar da wuri ko jinkirta ta bai canza yawan waɗanda suka rayu ba. Sauƙi take kawowa, ba waraka ba, kuma idan an rabu da na'ura kafar takan rufe da kanta.

Tambaya: Likita, an ce babu sauran maganin kansar mahaifiyarmu, mun sayar da gona, ga shi kullum tana ƙara ramewa a kan na'ura. Idan muka yarda a dakata, mun kashe ta ke nan? Kuma tana jin zafi? Daga wata Hajiya a Sakkwato.

Amsa: Hajiya, Allah ya saka muku da alheri, kun yi wa mahaifiya abin da ya kamata. A likitance, idan ta rasu bayan an dakata, cutar ce ta yi ajali, na'urar jinkirta shi kawai take yi. Ta fuskar addini kuwa ni ba malami ba ne, amma ya kamata ku san cewa Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman a 1986 ta halatta cire na'ura daga wanda ƙwararru suka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta daina aiki gaba ɗaya. Wannan hukunci bai shafi wadda ke buɗe ido ko matsa hannu kai tsaye ba, don haka ku haɗa malamin da kuka amince da shi da likitanta su ji daga bakin juna. Akwai kuma matakai tsakanin ci gaba da komai da cire na'ura, kamar yarjejeniyar cewa ba za a ƙara sabuwar na'ura ba, ko ba za a danna mata ƙirji ba idan zuciya ta tsaya.

Game da zafi, eh, tana iya ji ko da ba ta magana, musamman lokacin zuƙe majina da juya ta. Ku lura da yamutsa fuska da kokawa da na'ura, ku sanar da nas nan take. Maganin mofin, idan aka auna shi daidai, yana rage zafi da jin shaƙewa, kuma ba ya gaggauta ajali kamar yadda ake tsoro. Ku tabbatar ana juya ta akai-akai saboda gyambon kwanciya, ana jiƙa mata leɓe, sannan ku tambaya ko asibitin yana da sashen sauƙaƙa wa majinyata raɗaɗi, domin su ne suka fi ƙwarewa a wannan mataki.