Ƙwallon kwando mai na'ura a Sakkwato

Ɗan'uwa, ka ce kana son kawo ƙwallon kwando mai na'ura ciki don horas da yara, kuma kana biɗar mai zuba jari. Ni dai kada ka fara da ƙwallon, tsada gare shi, in batir ya mutu shi ke nan. Akwai manhajar HomeCourt, kyamarar waya kaɗai ke ƙirga jifa nawa suka shiga raga, NBA ma, hukumar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ta sa kuɗi cikinta a 2019. Gwada ta da yara goma da marece, don ranar garin nan dafa waya take. Tunda hannun jarin Peloton, kamfanin na'urorin motsa jiki na Amurka, ya faɗi a 2022, masu jari ciniki suke son gani, ba zance ba. Gidauniyar Tony Elumelu na ba da dala 5,000, nemi. Amma yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kuma takardar rabon kamfani sai lauya ya karanta ka sa hannu.